Kwaɗo ko Liƙi: Wa Zai Biya Mawaƙi?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tsaya a wani shagon caji kusa da tashar mota a Azare, ina jiran wayata ta ɗan sami wuta kafin in kama hanyar Zadawa. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Wayoyi jere a kan katako, kowacce da lambarta manne a baya, ƙaramin janareto yana ta ƙugi a waje, ga wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif. Wani direba ya miƙo memori ya ce, "Cika min. Sababbi nake so, ka haɗa da na bege, ka sa min Shata saboda tafiyar dare." Yaron shagon ko ɗago kai bai yi ba. Cikin 'yan mintuna ya zuba masa waƙoƙin da ko Maiduguri ya je ya dawo ba zai gama ji ba. Direba ya ajiye 'yan canjinsa ya tafi. A cikin kuɗin nan babu ko sisin kwabo da zai kai hannun waɗanda suka yi waƙoƙin.

A bencin da nake zaune akwai wani saurayi da ya yi shiru yana kallo. Da direban ya fita sai ya juyo ya ce da ni, "Yaya, ka ga kwamfutar nan? Waƙata tana ciki, kuma ba ni na kawo ta ba. Wata uku na yi ina tara kuɗin situdiyo, har Kano na je aka yi min kiɗan." Yaron shagon ya ji, ya amsa ba tare da faɗa ba: "Malam, da ban sa ta ba, wa zai san ka? Bikin da aka kira ka a Jama'are, a ina suka ji ta?"

Har na isa gida maganar tana cina, domin na kasa cewa ɗayansu ya yi ƙarya. Abin da saurayin yake so a fili yake: a sami wata dabara da za a kulle waƙa, kada ta buɗu sai ga wanda ya biya, kada ta turu daga waya zuwa waya. Dabarar kuwa akwai ta, kamfanonin waƙa na duniya sun daɗe suna amfani da ita, kuma ta iso mana ta cikin manhajojin sauraron waƙa. Tambayar ita ce ko wannan kwaɗon zai yi wa irin wannan saurayi maganin abin da ke damunsa.

Masu son kwaɗo suna da hujja mai nauyi, kuma duk wanda ya san yadda kasuwar waƙar Hausa ta rushe ba zai yi musu dariya ba. A zamanin kaset, hanyar kuɗi a bayyane take ko da ba ta da adalci sosai. Mawaƙi ko mai shirya fim ya gama aikinsa, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, su buga, su rarraba, kaset ya bi motocin haya ya sauka a Azare da Misau da Potiskum. Ana satar bugawa tun a lokacin, amma mai satar sai ya sayi injin da kaset maras komai da bango, sai ya sami shago. Wato satar tana da tsada, tana da adireshi. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 waƙarsa ta game gari, sai waƙar fiyano ta zama sana'ar da matasa ke ci da ita, situdiyo suka yawaita, masu kiɗa da 'yan amshi suka sami abin yi. Faifan sidi ya zo ya ci zamaninsa. Sannan memori da Bluetooth suka shigo, Xender ya biyo baya, satar da a da sai da jari ta koma aikin da yaro ɗan firamare zai yi yana tafe. Shagunan faifai suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Masu fim suka yi hijira zuwa YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, shi ya sa muka koma kallon Izzar So da Labarina kashi-kashi. Mawaƙi kuwa aka bar shi a tsakiyar rana.

Hujjarsu ta farko ita ce ta gumi. Waƙa ba daga sama take faɗowa ba. Akwai kuɗin mota, akwai na mai kiɗa, akwai na wadda za ta yi amshi, akwai kwanakin da aka yi ana gyara baiti guda. Manomin da ya noma gero ba a shiga gonarsa a yi ta ɗiba a ce masa ai an tallata masa gonar. In mai shagon turi yana ciyar da iyalinsa da waƙar wani, kamfanin waya yana cin kuɗin data da ita, mai gidan kallo yana tara jama'a da ita, shi kaɗai mai ita aka ce ya yi haƙuri, to an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta biyu ta shafi addini, kuma a ƙasar Katagum ba a tsallake wannan. Da yawanmu mun taso da tunanin cewa sata sai abin da ake iya riƙewa a hannu, in ka kwafi waƙa ai ba ka rage wa mai ita komai ba, tasa tana nan. Amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mai wallafa da mai ƙirƙira haƙƙi ne da Shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Akwai malaman da suka saɓa, akwai kuma masu ganin waƙa da kiɗa ba abin da za a tsaya kare wa haƙƙi ba ne tun asali. Sai dai memorin direban nan ba nanaye kaɗai ke ciki ba. Akwai sha'irai masu begen Manzon Allah, akwai masu waƙen wa'azi da faɗakarwa, kuma su ma da kuɗinsu suka shiga situdiyo. Dokar ƙasa ma tana gefensu. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka tun da daɗewa, da hukumar da ke kula da ita, kuma sabuwar dokar 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta haramta fasa irin wannan kwaɗon a fili, ta kuma ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa daga intanet in an ɗora ba da izininsa ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi taɓa ni, kuma ba kasafai ake faɗinta ba. In mai sauraro ya daina biyan mawaƙi, wani zai biya shi, kuma wanda ya biya shi zai zaɓi abin da za a rera. Shi ya sa duk kakar zaɓe za ka ga mawaƙan da suka iya tsara baitin da ke sa mutum hawaye sun koma wasa ɗan takarar kansila da na majalisa, suna zagin abokin hamayyarsa. Muna zaginsu mu ce sun sayar da basirarsu. Amma mu da muke cika memori da 'yan canji, wace kasuwa muka bar musu? Yaron da ke da waƙa a kan tsadar taki, ko ambaliyar da ke cinye gonaki a bakin kogin Jama'are, ko 'yan matan da ake cirewa daga makaranta, ya san ba wanda zai ba shi kuɗin situdiyo a kanta. Sai ya haɗiye ta ya yi wadda za a biya. Asarar nan tamu ce gaba ɗaya, ba tasa shi kaɗai ba.

Duk da haka ban yarda kwaɗo ne magani ba, kuma dalilina na farko a ɗakin mahaifiyata na same shi. Na taɓa biyan kuɗin wata a wata manhajar sauraron waƙa, da niyyar in yi abin da ya dace. Na sauke waƙoƙin bege da Inna take so, na kai mata, na ce zan zuba mata a ƙaramar wayarta mai tocila, wadda take ajiyewa a gefen murhu tana ji tana aiki. Na neme su a cikin wayata ƙasa da sama, babu. Suna cikin manhajar a kulle, ba sa fita, ba sa turuwa. Ta ce, "To ba ka ce ka biya ba?" Na ce na biya. Ta ce, "Ka biya kuma ba naka ba ne?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Da wata ya ƙare ban sabunta ba, waƙoƙin suka dushe a fuskar wayar, suna nan ina ganin sunayensu amma ba sa buɗuwa. Kashegari jikanta ya karɓi memorinta ya tafi shagon turi, ya dawo da su duka har da ƙari. Ni da na biya na tashi a tutar babu, wanda bai biya mawaƙi komai ba ya sami abin da yake so cikin sauƙi. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ba matsalar ƙauye ba ce, Turawa sun riga mu shan ta. Bayan dandalin intanet na Napster ya fito a 1999 mutane suka shiga musayar waƙa kyauta, manyan kamfanonin Amurka suka kai shi kotu har ya rufe a 2001, sannan suka juya kan masu sauraro. Wata mata a jihar Minnesota, a 2007 kotu ta ci ta tarar dala 222,000 a kan waƙoƙi 24. A 2005 aka gano kamfanin Sony BMG ya ɓoye wata manhaja a cikin faifansa, wadda ke shigewa kwamfutar mai saye ba da saninsa ba don ta hana shi kwafa, tana kuma buɗe wa masu kutse ƙofa. Mutanen da suka fitar da kuɗinsu suka sayi na gaske su ne abin ya shafa, dole kamfanin ya janye faifan daga kasuwa ya fuskanci ƙararraki. A watan Fabrairu na 2007 Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, ya fito fili ya nemi kamfanoni su bar kulle waƙa, kuma zuwa 2009 shagon iTunes ya cire kwaɗon daga waƙoƙin da yake sayarwa. Masu kuɗin da lauyoyin da injiniyoyin da ba mu da su sun gwada, sun ga bai hana satar ba, sai dai ya fusata masu saye. Daga baya kwaɗon ya dawo da sabuwar riga ta biyan kuɗin wata, ita ce irin wadda ta hana Inna jin begenta.

A wurinmu ma kulle waƙa ya fi wahalar ci. Duk abin da kunne zai ji, wata wayar za ta iya naɗa. Mutum ɗaya ya isa ya fasa, gobe ta cika shagunan turi daga Azare zuwa Gamawa. Ga kuma yanayin masu sauraron. Kwaɗon zamani yana son babbar waya, yana son data a kai a kai, yana son katin banki, yana son sabis mai ƙarfi. Boomplay ya zo a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun shekarun baya, Spotify ya shigo Nijeriya a 2021, ga Audiomack, amma matar da ke surfe a Chinade da makiyayin da ke bayan Bulkachuwa ba ta nan suke jin waƙa ba. Su ne kuwa mafi yawan masu son waƙar Hausa. In ka kulle, ba ɓarawo ka kora ba, su ka kora.

Sannan a duba wa kwaɗon yake yi wa aiki. Babban mawaƙi irin Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker, wanda miliyoyi ke nema da suna, zai iya tara wani abu daga sauraron intanet. Ƙaramin mawaƙin Azare da mutum dubu biyu suka sani, abin da zai faɗo masa daga can ba zai biya masa kuɗin mota zuwa Kano ba. Abin da ya fi buƙata a matakinsa shi ne a ji shi. Nan ne maganar yaron shagon take da ƙarfi, kuma akwai shaida a kanta daga maƙwabta. Mdou Moctar, Buzun nan mai kaɗa jita daga Jamhuriyar Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da salon muryar na'ura irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ba kamfanin da ya rarraba masa. Waƙoƙin suka yi ta tsallakawa daga memori zuwa memori har Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya, ya sa ta a wani kundin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita. Yau Mdou Moctar yana wasa a manyan dandalin Turai da Amurka. Da waƙar tasa a kulle take, da ba ta wuce ƙofar situdiyon ba.

Akwai wani alheri na kwafa da ya kamata a faɗa. Muryar Mamman Shata da ya rasu a 1999, da ta Musa Ɗanƙwairo, da gurmin Haruna Uji na Haɗeja maƙwabcinmu, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, da amadar Barmani Choge, ba wata ma'ajiya ta gwamnati ce ta kawo su kunnen yaran yau ba. Masoya ne suka yi ta juyawa daga kaset zuwa kaset, daga kaset zuwa kwamfuta, daga nan zuwa waya. Da a ce mabuɗinsu yana hannun wani kamfani da ya daɗe da rushewa, da yawancinsu sun bi iska.

To amma kada masu cewa "ai talla ce" su ɗauka sun ci gari. Labarin Mdou Moctar na mutum ɗaya ne a cikin dubbai, sauran sun yi suna a memori sun tsufa ba su da na cefane. Maganar cewa mawaƙi zai fanshe a wajen biki ma ba kowa ta rufe ba. Wanda ya tsara kiɗan ba a kiransa biki. Wadda ta yi amshi, ko wadda ta rera waƙar fim wata jaruma ta hau kai aka san fuskar jarumar ba a san tata ba, ba ta da dandalin da za a yi mata liƙi. Mace mai aure da ke da murya da basira amma ba ta fita wasa, naɗin da ta yi shi ne dukiyarta kaɗai. Waɗannan duka talla ba ta ciyar da su. Kuma akwai satar da ta wuce ta shagon caji nesa: mutumin da zai ɗauki waƙar yaron ƙauye ya ɗora a tasharsa ta YouTube, ko ya yi mata rajista da sunansa a manhajojin sauraro, kuɗi suna shigo masa a asusu, mai waƙar bai ma san ana yi ba. Wannan ba mai tallata kowa ba ne, kuma a kansa ya kamata dokar 2022 ta fara aiki.

Inda na tsaya shi ne, masu son kwaɗo sun yi gaskiya a kan ciwon, sun kuskure a kan magani. Mu kuwa muna da maganin tun kafin a ƙera kaset. Bahaushe bai taɓa sayen waƙa a kulle ba. Makaɗi ya yi wasansa a fili kowa ya ji, wanda abin ya ratsa ya tashi ya yi liƙi, mai hali ya ba da riga ko doki. In makaɗi yana da buƙata sai ya kira ajo, masoya su taru su haɗa masa. Abin da wayar hannu ta lalata shi ne ta raba mai ji da mai yi, waƙa ta iso kunnenka amma goshin da za ka liƙa wa yana wani gari. Yanzu kuwa ita wayar ta kawo hanyar da za a rufe wannan tazarar, tunda kusan kowane lungu akwai mai POS, kuma tura naira ɗari biyar bai fi minti ɗaya ba. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya nemi masoya Buhari su tura masa naira dubu ɗai-ɗai kafin ya saki wata waƙa. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan manufar, kuma ni ma ba waƙar siyasa nake kare wa ba, amma abin ya nuna mutanenmu za su tura kuɗi ga mawaƙi kai tsaye in suna so. A Ingila ma ƙungiyar Radiohead ta saki kundinta a 2007 ta ce kowa ya biya abin da ya ga dama, kuma dandalin Bandcamp a kan wannan tsari ya ginu, ka saya daga hannun mawaƙi, waƙar ta zama taka ba kwaɗo.

Masu shagon turi kuwa bai kamata a ɗauke su abokan gaba ba. Su ne 'yan kasuwar Ƙofar Wambai na wannan zamani, a hannunsu rarrabawa take, kuma matasa ne masu neman halali a garin da aiki ya yi ƙaranci. Kamen da za a yi musu ba zai sa ko kwabo a aljihun mawaƙi ba. Abin da zai sa shi ne a zauna da su. A gari kamar Azare an san su, sun san juna. Mawaƙan yankin su haɗa kansu, su kai sabuwar waƙa da hannunsu tun ranar da ta fito, mai kyan sauti ba wadda aka naɗa daga wata wayar ba, masu shago kuma su riƙa ware wani ɗan kaso a mako yana shiga asusun da za a raba har da masu kiɗa da 'yan amshi. Ba zai yi yawa ba a farko, kuma za a sami masu zamewa. Amma ya fi babu, kuma ba ya buƙatar jiran wani daga Legas ko Abuja. Shi ma mawaƙin ya sa sunansa da lambar asusunsa a ƙarshen waƙarsa, kamar yadda yake ambaton sunan situdiyo, don duk inda ta je ta tafi da hanyar komowa gare shi.

Saura mu masu ji. Ba na neman kowa ya goge memorinsa, ba na kuma cewa Inna ta yi laifi da ta ji begenta. Roƙona ga duk wanda ke da ɗan hali a ƙasar Katagum shi ne ya duba wayarsa yau, ya zaɓi mawaƙi ɗaya na kusa, ɗan Azare ko Misau ko Giyaɗe ko Shira, wanda waƙarsa ta raka shi tafiya ko ta ɗebe masa kewa, ya nemi lambarsa ya tura masa abin da da a gaban makaɗi yake zai liƙa. In zai yi biki ya kira shi, ya biya shi kafin ya kama makirufo. Saurayin nan na shagon caji ya ce min yana da waƙoƙi huɗu a rubuce cikin littafi, kuɗin situdiyo yake jira.